Ciro saba daga Proxmox zuwa kwamfuta ta zahiri: me ya sa faifan ya ƙi tashi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni nake kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a nan Damagaram. Sabar da ke riƙe da rajistar ɗalibai, kuɗin makaranta da sakamakon jarrabawa Ubuntu 22.04 ce, tana gudana a matsayin VM, wato kwamfutar da manhaja ke kwaikwayo, cikin Proxmox, manhajar da ke gudanar da irin waɗannan VM a kan na'ura ɗaya. Na'urar da ke ɗauke da ita ta tsufa, tana yawan mutuwa da kanta. Mun sayo wata kwamfuta ta hannu daga Kano mai SSD na GB 500, muna so sabar ta koma kanta kai tsaye. Na kwafi fayil ɗin faifan VM ɗin na zuba a SSD, na kunna, sai ta rubuto "No bootable device". Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ka kwantar da hankalinka, babu abin da ya lalace tukuna, muddin ba ka taɓa VM ɗin asali ba. Kuma ina roƙonka kada ka taɓa shi sai ka yi masa ajiya da vzdump, umarnin Proxmox na ɗaukar kwafin VM gaba ɗaya, ka fitar da ajiyar zuwa wani faifai na waje, ka cire faifan ka sa a aljihun tebur. Na'urar da ta fara mutuwa da kanta ba ta sanar da ranar da za ta mutu gaba ɗaya, kuma abin da ke cikinta guminku ne na shekaru.

Abin da ka yi shi ne ka ajiye fayil a kan SSD, kamar yadda ake ajiye hoto ko takarda. Ita kuwa kwamfuta idan ta kunnu ba ta buɗe fayiloli tana leƙa cikinsu. Farkon faifan take dubawa, ta nemi teburin rabe-rabensa da manhajar tayarwa. Fayil ɗin faifan da ka kwafa, mai tsarin qcow2, yana ɗauke da duk waɗannan a cikinsa, amma a naɗe, cikin tsarin da kwamfuta ba ta iya karantawa lokacin tashi. Dole a warware shi a shimfiɗa a kan SSD tun daga baiti na farko. Wannan shi ne ɓangare mai sauƙi, umarni ɗaya ne, zan kawo shi a ƙasa. Sai dai ko ka yi shi daidai, akwai yiwuwar ta sake ƙin tashi, domin abubuwa uku da sabar ta dogara da su ba sa bin faifai: irin hanyar tayarwa, direbobin kayan ƙarfe, da sunayen da tsarin ya san faifai da katin sadarwa da su. Duk ukun sun fi sauƙin gyarawa yanzu, tun VM ɗin yana raye kana iya shiga cikinsa, fiye da bayan ka tsaya gaban baƙin allo.

Kafin nan, wata magana da ya kamata in faɗa maka tsakani da Allah. In dai dalilin ƙaurar shi ne tsufan na'urar kawai, hanya mafi kusa ita ce ka saka Proxmox a sabuwar, ka mayar da ajiyar nan da qmrestore, ka tashi VM ɗin kamar ba abin da ya faru. Ba ruwanka da direba ko GRUB, wato manhajar tayarwa, kuma ajiya ta atomatik tana nan yadda ka santa. Ni da za a ba ni zaɓi, wannan zan yi in na'urar tana da RAM na GB 16. In kuwa GB 8 ce ko ƙasa, ko kuma aiki ɗaya tak za ta riƙa yi, ko kana tunanin wanda zai gaje ka bai san Proxmox ba, to dawowa kan ƙarfe, wato sabar ta zauna kan kwamfutar kai tsaye, yana da hujja. Bari mu ɗauka ka yanke wannan shawarar.

Fara da hanyar tayarwa, domin ita ce ta fi cin mutane. Shiga VM ɗin ka rubuta:

ls /sys/firmware/efi

In ya nuna maka wasu fayiloli, da UEFI, sabon tsarin tayarwa, yake tashi. In ya ce babu wannan wurin, tsohon tsarin BIOS ne. Ina kyautata zaton na biyun za ka gani, saboda Proxmox yana ba sabon VM SeaBIOS ne sai in mutum ya zaɓi OVMF da hannunsa. Yanzu je ka ga sabuwar kwamfutar, shiga saitinta, ka duba ko akwai Legacy ko CSM, wato zaɓin tashi da tsohon tsarin. In akwai, kunna shi, ka huta. Amma Intel ta sa shekarar 2020 a matsayin lokacin daina tallafa wa tsohon tsarin, don haka da yawa daga kwamfutocin da aka ƙera daga wannan lokaci UEFI zalla suka sani. Faifan da aka shirya don BIOS ba zai taɓa tashi a kansu ba, komai kyawun kwafin, sai an yanka masa ɗan ɓangare na FAT32 da ake kira ESP an zuba masa GRUB na UEFI. Abin farin ciki, Ubuntu 22.04 tana raba faifai da GPT, sabon tsarin teburin rabe-rabe, ko da a kan BIOS aka saka ta, saboda haka ƙara wannan ɓangaren ba wuya. Abin da za ka yi tun yanzu shi ne ka saka grub-efi-amd64-bin, efibootmgr da dosfstools a cikin VM ɗin. Suna zama lafiya tare da GRUB ɗin da ke nan, kuma ba za ka zo kana neman intanet a tsakiyar gyara ba, ka san halin layinmu.

Ko da VM ɗin UEFI ne, akwai abin lura. Jerin abin da za a tayar ba a faifai yake ba, a ƙwaƙwalwar babban allon cikin kwamfuta, wato motherboard, yake zaune, a Proxmox kuma cikin wani ɗan faifai daban mai suna efidisk0. Ba zai bi ka ba. Sabon allon bai taɓa jin sunan Ubuntu ɗinka ba, wataƙila sai an gabatar masa.

Na biyu, direbobi, kuma a nan nake so ka natsu. Kernel, wato zuciyar Linux, ba ya iya karanta faifai sai da direban abin da faifan ke maƙale a jikinsa, direban kuma yana cikin faifan da ba a kai ga karantawa ba. Maganin wannan kulli shi ne initramfs, wani ɗan ƙunshi da GRUB ke ɗorawa tare da kernel. Kamar guzurin matafiyi ne: abin da aka ɗaure masa a gida, da shi zai kai zango na farko. VM ɗinka virtio ya sani, faifan da Proxmox ke ƙirƙira masa. Sabuwar na'urar kuwa AHCI za ta nuna masa in SSD ɗin SATA ne, ko NVMe, ko megaraid_sas in saba ce ta Dell mai katin PERC, ko hpsa in tsohuwar HP ProLiant ce. In babu direban cikin ƙunshin, GRUB zai fito lafiya, kernel ya fara gudu, sai ya tsaya cak ya jefa ka wani allo mai rubutun initramfs yana cewa bai ga faifan tushe ba.

Buɗe /etc/initramfs-tools/initramfs.conf ka tabbatar an rubuta MODULES=most, ba dep ba. Sannan duba irin kernel ɗin da kake da shi. In da faifan sakawa na Ubuntu Server aka girka ta, galibi komai na nan. In kuwa daga hoton da aka tanada don girgije aka ɗauko ta, kernel ɗin an rage masa kaya, babu direbobin katunan sadarwa da yawa. Ko ma wanne ne, wannan ba zai cutar ba:

apt install linux-generic linux-firmware
update-initramfs -u -k all

Bayan nan ka bincika da lsinitramfs, ka ga ahci da nvme da idonka. In ba su fito a jerin ba, duba fayil ɗin config da ke /boot, wataƙila an gina su ne cikin kernel ɗin kansa. Masu Rocky ko AlmaLinux su kula sosai, domin dracut yana ɗaure direbobin na'urar da yake kai ne kawai, sai an ce masa dracut -f --no-hostonly. Ka kuma leƙa /etc/default/grub, in ka ga console=ttyS0 shi kaɗai, cire shi ka yi update-grub. In ba haka ba sabar za ta tashi tana magana ta wata kafa da babu kowa, kai kuma kana kallon allo babu komai kana zaton ta mutu.

Na uku, sunaye. Buɗe /etc/fstab. Duk layin da ya fara da /dev/sda2 ko /dev/vda2, mayar da shi UUID, wato lambar shaida ta ɓangaren faifai, blkid zai ba ka lambar. Waɗannan sunayen suna canzawa, faifan da yake sda yau gobe zai iya zama nvme0n1, amma UUID a jikin ɓangaren yake, yana tafiya da shi. In akwai wani faifai na biyu ko wata ma'ajiya ta cikin layi da ba za ta bi ku ba, sa wa layinta nofail ko ka rufe shi, don layi ɗaya da bai samu abinsa ba ya isa ya tsayar da tashi gaba ɗaya. Katin sadarwa ma haka. A Proxmox sunansa ens18, a kan ƙarfe zai koma eno1 ko enp2s0 ko makamancin haka, fayil ɗin da ke /etc/netplan kuwa ens18 yake nema. Alamar ita ce tashi ya tsaya kusan minti biyu yana jiran layi, sannan ya wuce babu adireshi. Wannan ba ya hana shiga, kana iya gyara shi a gaban allo: ip link ya nuna maka sabon sunan, ka sauya, ka yi netplan apply. Amma ka tabbatar ka san kalmar sirrin shiga ta kai tsaye. Wanda ya daɗe yana shiga da makullin SSH sau da yawa ya manta da ita, ranar kuma babu SSH.

Yanzu girman faifai. Rubuta qemu-img info a kan fayil ɗin, ka dubi virtual size, kada ka dubi nauyin fayil ɗin. Fayil mai GB 40 zai iya zama faifai mai 500 da ba a cika ba, kuma idan aka warware shi dukan 500 ɗin yake nema. Ga inda tarkon yake: masu ƙera SSD suna ƙirga GB ɗaya a matsayin baiti biliyan ɗaya cif, Proxmox kuwa da 1024 yake ninkawa. SSD ɗinka mai GB 500 bai wuce GiB 465 da ɗoriya ba a ƙirgar Proxmox. VM ɗin da aka ba faifai 500 a Proxmox ya kai kusan GB 537, ba zai shiga ba. In naka 100 ne ko 200, babu damuwa. In ya fi SSD ɗin girma, kada ka fara, don wutsiyar za ta yanke. Ko ka nemo faifai mafi girma, ko ka canza hanya: ka girka sabuwar Ubuntu 22.04 a na'urar, ka kwaso bayanai da saituna da rsync -aHAX, ma'ajiyar bayanai kuma ka fitar da ita da mysqldump ko pg_dump ka mayar. Rage girman ɓangare yana yiwuwa a ext4, ba ya yiwuwa a XFS, kuma ban so ka koyi wannan aikin a kan rajistar makaranta.

Ranar aikin, zaɓi lokacin da babu mai shigar da komai, yammacin Juma'a ko cikin hutu, kuma ka tabbatar batirin UPS ko na sola zai riƙe ku har a gama. Kashe VM ɗin kashewa ta gaskiya daga cikinsa. Kwafin faifan da ma'ajiyar bayanai ke rubutu a kansa kwafi ne mai rauni, wani lokaci sai bayan makonni ɓarnar ke fitowa. Haɗa SSD ɗin a jikin na'urar Proxmox, ta SATA in da hali, don ƴan akwatunan USB ɗin nan masu araha suna yanke aiki idan suka yi zafi. Sai ka rubuta lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL, ka ɗauki SSD ɗin ka karanta lambar da ke jikin takardarsa, ka gwada da ta allo harafi bayan harafi. Umarnin da ke tafe ba ya tambaya, in ka ba shi faifan Proxmox shi zai shafe. Shi ya sa na fi son amfani da sunan da ke /dev/disk/by-id, don lambar faifan tana cikin sunan.

qemu-img convert -p -n -f qcow2 -O raw vm-100-disk-0.qcow2 /dev/disk/by-id/sunan-faifanka

Sa lambar VM ɗinka a madadin 100, qm config zai nuna maka inda faifan yake. Wanda nasa ke kan local-lvm ba shi da fayil, faifan yana /dev/pve/vm-100-disk-0, sai ya sa -f raw. Masu VMware da VirtualBox da Hyper-V ma wannan umarnin ne, vmdk ko vdi ko vhdx kawai za su rubuta. Idan ya gama, yi sync, sannan sgdisk -e a kan SSD ɗin. GPT yana ajiye kwafin teburinsa a ƙarshen faifai, yanzu kuwa ƙarshen tsohon ya faɗo a tsakiyar sabon, wannan umarnin ke mayar da shi wurinsa. In Proxmox ya kunna ubuntu-vg, rukunin LVM da Ubuntu ke tsara faifanta da shi, da kansa, kashe shi da vgchange -an ubuntu-vg kafin ka zare faifan.

Mayar da SSD cikin sabuwar kwamfutar, amma kafin ka gwada tashi shiga saitin BIOS ɗinta ka gyara abu uku. Yanayin SATA ya koma AHCI. Kwamfutocin ofis da yawa suna zuwa a kan RAID On, a haka kuma Linux kan kasa ganin NVMe. Kashe Secure Boot na ɗan lokaci. Sannan nemo inda aka rubuta AC Recovery ko Restore on AC Power Loss ka sa shi Power On, don in wuta ta ɗauke da dare ta dawo, sabar ta tashi da kanta ba sai ka hau babur ka zo ba.

Ga wani ƙaramin abu da nake dagewa a kansa ga duk mai sayen kwamfuta ta hannu. Buɗe murfin, za ka ga wani batiri mai kamar kwabo a kan allon, CR2032. Canza shi, ko da mai sayarwa ya rantse sabo ne. Na ga sabar da aka gama wa aiki lafiya, tana gudu mako guda, aka ɗauke wuta UPS ya ƙare, da wuta ta dawo ta ƙi tashi. An zargi SSD, an zargi wanda ya yi ƙaurar. Ashe batirin nan ne ya mutu, allon ya manta duk saitinsa, AHCI ya koma RAID, agogo ya koma shekarun baya. A garin da wuta ba ta yankewa mataccen batirin zai iya shekara ba a gane ba, a nan kuwa kwana kaɗan ne.

In BIOS ne zuwa Legacy, yanzu ya kamata ta tashi. In kuwa sai an koma UEFI, tayar da na'urar da kile USB mai Ubuntu ko SystemRescue, ka tabbatar a yanayin UEFI ka tayar da shi. A filin da ya rage a ƙarshen SSD yanka ɓangare mai MB 512, nau'in EF00, ka yi masa mkfs.vfat -F32. Ka yi wannan kafin ka faɗaɗa komai, kuma ka sa shi can ƙarshe don kada ya tare wa ɓangaren LVM hanyar girma. Ɗora tushen a /mnt, ɓangaren boot a /mnt/boot, sabon a /mnt/boot/efi, haɗa /dev da /proc da /sys har da efivars, ka shiga da chroot:

grub-install --target=x86_64-efi --efi-directory=/boot/efi
grub-install --target=x86_64-efi --efi-directory=/boot/efi --removable
update-grub

Na farkon yana rubuta sunan Ubuntu a ƙwaƙwalwar allo. Na biyun yana ajiye kwafi a EFI/BOOT/BOOTX64.EFI, inda allo ke dubawa idan bai san komai ba, wato ranar da ya sake mantuwa. Ƙara sabon ɓangaren a fstab da UUID ɗinsa. Bayan ta tashi ta samu intanet, saka grub-efi-amd64 cikakke ya maye gurbin grub-pc, don sabuntawa ta riƙa bin hanyar da ta dace. Faɗaɗawa kuma growpart ne, sai pvresize, sai lvextend -r.

Wanda sabarsa Windows ce, ciwon ɗaya ne, sunan ne daban: shuɗin allo mai INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, lamba 0x7B. Ana zuba direban da dism /add-driver daga faifan gyara, a sake gina tayarwa da bcdboot. Ya kwance BitLocker kafin ƙaura, ya kuma shirya sake kunna lasisi.

Da ta tashi, cire qemu-guest-agent, ka saka intel-microcode ko amd64-microcode, da smartmontools da lm-sensors. A da Proxmox ne ke tsakaninka da ƙarfe, yanzu kai ne mai gadin. Zafin Afrilu da Mayu a Damagaram yana haura digiri 40 a inuwa, ɗakin da aka rufe kuma ya fi haka, yawancin SSD na kasuwa kuwa digiri 70 ne iyakarsu. Duba smartctl -a da tsakar rana a bazara, ba da safe ba. Ɗaga na'urar daga ƙasa, kuma bayan ƙurar hunturu ka buɗe ta ka busa fankokin. Haɗa UPS ɗin da kebul na USB ka saka NUT ko apcupsd, domin sabar ta kashe kanta cikin tsari kafin batiri ya ƙare. SSD mai araha ba shi da abin da zai kare rubutun da ke kan hanya idan wuta ta yanke.

Babbar asarar da za ka yi ita ce ajiya. vzdump ya tafi, komawa baya da dannawa ɗaya ta tafi, kuma yanzu faifai ɗaya ne tak ke riƙe da makarantar. Kada ka ce aikin ya ƙare sai ka sa ma'ajiyar bayanai tana fitar da kwafi kowane dare zuwa wani faifai daban, kana kuma kai kwafi ɗaya wajen ginin duk mako, ka kuma gwada mayar da shi ka ga yana buɗewa. In manhajar makarantar tana da lasisi da aka ɗaure da lambar MAC ta katin sadarwa ko ta na'ura, kira masu ita kafin ranar ƙaura, ba bayanta ba. In rawuta ce ke ba sabar adireshi bisa MAC, nan ma sai ka sabunta.

Tsohon VM ɗin kada ka goge shi sai an yi zangon karatu guda ana aiki da sabuwar. Amma ka hana shi tashi: qm set 100 --onboot 0, ka kuma cire masa katin sadarwa a saitinsa. In ka bar shi yadda yake, ranar da aka ɗauke wuta aka dawo da ita Proxmox zai tayar da shi da adireshi iri ɗaya da na sabuwar, mai karɓar kuɗi ya shigar da rasit a ɗaya, malamai su shigar da maki a ɗayar, ba wanda zai lura sai iyaye sun zo da rasit a hannu ana cewa ba su biya ba.